Saniyar Tukunus Ta Fi Marubucin Kurfai Gata

Akwai wani nau'in rubutu da ya yi kaka-gida a mujallun ilimin ɗakunan karatu na wannan nahiya tamu, wanda duk mutumin da ya karanta guda biyu daga cikinsa tamkar ya karanta ɗari ne. Marubuci zai ɗauko mujalla guda, ya yanki shekara biyar ko goma daga cikin rayuwarta, sannan ya zauna ya yi ta ƙirga: maƙala nawa aka buga a kowace shekara, nawa ce ta mutum ɗaya, nawa ce ta mutum biyu ko uku, maza nawa, mata nawa, wace jami'a ce sunanta ya fi fitowa, shafi nawa ne tsawon kowace maƙala, littattafai nawa aka dogara da su. Daga nan sai ya zuba lissafin a cikin jadawali takwas ko goma, ya rufe da shawarar a ƙara ƙwazo, a ƙara haɗin gwiwa, gwamnati kuma ta ƙara kuɗi. Masu wannan sana'a suna kiran ta bibliyometiri, wato awon abin da aka wallafa. Wanda yake son ganin samfurinta ya leƙa mujallar Library Philosophy and Practice da ake fitarwa daga Jami'ar Nebraska ta Amurka, zai tarar da irin waɗannan maƙaloli rututu, da yawansu daga Nijeriya da Indiya.

Da a ce abin ya tsaya a tsakanin malaman jami'a ne suna ɗebe wa juna kewa, da ban ɓata tawadata ba. Abin da ya sa na ga ya wajaba a tanka shi ne, jadawalin nan ba ya tsayawa inda aka haife shi. Yakan fita ya zama hujja a bakin masu tsara manufa da masu ba da tallafi, har ma da ɗalibanmu, cewa ƙasa kaza tana rubutu, ƙasa kaza ba ta yi. A irin wannan jadawali sunan Nijar ko dai bai fito ba sam, ko kuwa ya fito can ƙasa da lamba ɗaya ko biyu a gabansa. Sifilin da aka rubuta cikin jadawali kuwa ya fi shiru illa, domin shiru yana barin ƙofar tambaya a buɗe, shi kuwa sifili kama yake da amsa.

Bari mu koma tushen abin, domin a san ba jahilcinsa ne ya sa ake sukarsa ba. Paul Otlet, mutumin Beljiyam, ya yi amfani da kalmar a Faransanci tun cikin littafinsa na 1934, Alan Pritchard kuma ya yayata ta a Turanci a 1969. Kafin su, a 1926, Alfred Lotka ya ƙirga marubutan da ke cikin fihirisar Chemical Abstracts ta shekarun 1907 zuwa 1916, sunayen da suka fara da harafin A da B kaɗai, ya haɗa da wani kundin tarihin kimiyyar fiziya, ya lura cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na marubuta maƙala ɗaya tak suke yi, masu yin biyu kuwa ba su wuce rubu'in masu yin ɗaya ba, haka abin yake ta raguwa. A 1934 Samuel Bradford, ma'aikacin ɗakin karatu na gidan tarihin kimiyya da ke Landan, ya nuna cewa a kowane fanni ƴan mujallu kaɗan ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na maƙalolin fannin, saura kuma sun warwatsu cikin mujallu masu ɗimbin yawa. Eugene Garfield ya kawo fihirisar ambaton maƙaloli ta kimiyya a 1964. Aiki ne na hankali, babu mai musu.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda da ya haɗa mutanen nan duka. Kowanensu a kan tsibin da wani ya riga ya tara ya yi awonsa. Lotka bai zaga gari-gari yana neman masana ba, ya tarar an riga an rubuta sunayensu a kundi, shekara da shekaru ana yi. Kowace mace a Kurfai ta san ba a kawo tiya sai an yi girbi, an ɗaure damma, an sussuka, an sheƙe. Mu kuwa sai muka aro tiyar muka shiga gona da ita tun hatsi yana tsaye, muka auna ƴan zangarniyoyin da suka faɗo bakin hanya, muka dawo gida muna shelar cewa bana gonar ba ta yi ba.

Ɗauki mujallar da ta fi kowace suna a wannan fanni a Afirka ta Yamma, African Journal of Library, Archives and Information Science, wadda Farfesa L. O. Aina ya kafa a 1991, ake buga ta a Ibadan. Mujalla ce mai mutunci, kuma an sha yi mata irin wannan awo. Amma da Turanci ake rubuta ta. Ma'aikacin ɗakin karatu ko na gidan adana takardu a Yamai, wanda wataƙila a makarantar EBAD ta Dakar ya yi karatunsa, da Faransanci ya rubuta kundin kammala karatu, da Faransanci yake rubuta rahotonsa, rahoton kuma a cikin kabad yake kwana. Nijeriya tana da sashen koyar da wannan ilimi a Ibadan tun wajen 1960, tana da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1968, kuma kowane malami a waɗannan sassa da waɗanda suka biyo bayansu sai ya wallafa kafin a ƙara masa girma. To, idan aka ƙirga sunaye a mujallar Ibadan aka ga ƴan Nijeriya sun cika ta, me aka gano? An gano cewa masu Turanci da ke kusa da mujallar Turanci su ne ke rubutu a cikinta. Wannan kuwa ba sai an yi jadawali ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne wajen da suke kira awon haɗin gwiwa. Akwai wani ɗan lissafi da K. Subramanyam ya kawo a 1983: a raba yawan maƙalolin da mutum fiye da ɗaya ya sa wa hannu da jimillar maƙalolin duka. Idan sakamakon ya tashi daga shekara zuwa shekara, sai mai awo ya yi murna, ya rubuta cewa bincike yana bunƙasa, masana sun rungumi aiki tare. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa zama a inuwar wata jami'a, a Yamai ne ko a Sakkwato, ya san wata al'ada da ba a rubutawa a jadawali, wato sa ni in sa ka. Ɗalibi ya yi wahalar aiki, sunan malaminsa ya hau gaba. Abokai uku kowa ya rubuta ɗaya ya sa sunan sauran, kowa ya tashi da uku. Ba na cewa kowane haɗin gwiwa haka yake, akwai na gaskiya da yawa. Abin da nake cewa shi ne lissafin Subramanyam ba shi da idon da zai bambanta na gaskiya da na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kuma mai awon da ya san haka ya yi shiru ya ci amanar mai karatunsa.

Dalilin al'adar ba ɓoyayye ba ne. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a nan Yamai a 1968, hedkwatarta kuma take Wagadugu, ita ke tantance malaman jami'a, kuma yawan abin da mutum ya wallafa yana cikin manyan sharuɗɗan hawa daga mataki zuwa mataki. A Nijeriya kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i ne ke wannan ƙirga. Ranar da aka ce da mutum abincinsa yana rataye da lamba, to zai nemo lambar ko ta halin ƙaƙa, kuma ba zan zarge shi ba, yana da iyali. Maƙalar awon mujalla kuwa ita ce mafi arha a kasuwa: ba tafiya, ba hira da kowa, ba shaƙar ƙurar tsofaffin takardu, intanet da mako biyu sun isa. Saboda haka mujallar ta cika da maƙalolin da ke auna mujallar, maciji ya juyo yana haɗiyar wutsiyarsa. Su kansu waɗanda suka ƙera ma'aunin sun fara ja da baya. A 2012 aka tsara sanarwar San Faransisko kan yadda ya kamata a kimanta bincike, a 2015 kuma masana wannan fanni suka fitar da ƙa'idojin Leiden guda goma a mujallar Nature, duka suna gargaɗin kada lamba ta maye gurbin karanta aiki da hukunta shi. Masu tiya sun ce tiyar tana da huji, masu aro kuwa har yanzu rantsuwa suke da ita.

Yanzu bari in kawo maganar gida, inda nake ganin ɓarnar da idona. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai tashar kiwo ta Tukunus, inda tun zamanin mulkin mallaka ake zaɓen irin shanun Azawak. A can kowace saniya tana da lamba. An san uwarta, an san ubanta, an san ranar da aka haife ta, an auna nonon da ta bayar, an rubuta ranar da ta mutu da abin da ya kashe ta. Saboda wannan rajista ne masana suka iya rubuta maƙaloli masu ƙwari a kan shanun, irin wadda Achard da Chanono suka buga a 1997 a mujallar kiwo da likitancin dabbobi ta ƙasashe masu zafi da ke fita a Faransa, kan mace-mace da haihuwa a garken tashar tsakanin 1986 da 1992. Ba ba'a nake yi ba, wallahi yabo nake. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna cika waɗannan littattafai da safe da maraice su ne suka sa lissafin ya zama gaskiya. Awo ya yi kyau a Tukunus domin an riga an yi rajista.

To, ina rajistar masu alƙalami na Kurfai? Malamin zaure a Shikal ko Luma da ya tsara waƙar wa'azi da ajami, almajirai suka kwafa, kwafin ya bi fatake har ya manta sunan mai shi, a wane kundi yake? Dattijon da ya rubuta jerin sarakuna da labarin zuwan kakanninsa Dallol Boso a ƴan warƙoƙi ya ajiye cikin gafaka fa? Malaman lakkol da suka rubuta wasannin kwaikwayo domin bukukuwan ƙarshen shekara, da waɗanda samari suka yi ta nunawa a zamanin Samariya ta mulkin Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan wannan yanki ne, mutumin Fandu? Ƴan littattafan yaƙi da jahilci, da wasiƙun da manoma suka aika wa jaridun karkara irin su Ganga? Ko rahotannin ayyukan raya karkara da aka yi a wannan ƙasa, irin shirin Tapis Vert na Shikal, waɗanda aka buga da keken rubutu kwafi kaɗan aka raba wa ofisoshi? Duk wannan rubutu ne, duk yana da marubuta, kuma babu ko ɗaya da zai taɓa faɗawa cikin komar Scopus ko wata fihirisa irinta. Saniyar Tukunus an san uwarta, waƙar Shikal ba a san ubanta ba.

Har ma abin da aka buga a mujallar jami'a bai tsira ba. A 1978 mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da ke Kano ta buga nazarin Jean-Guy Malka kan bambancin furuci tsakanin daidaitacciyar Hausa da Hausar Filinge, kuma da Hausa aka rubuta shi. Ga maƙala ta ilimi, a kan harshenmu, cikin harshenmu. Mai awon zamani da ke zaune gaban kwamfuta ba zai gamu da ita ba. Waɗanda suka hana ta ɓata su ne masu aikin tururuwa irin Paul Newman, wanda ya fitar da kundin sunayen ayyukan da aka yi kan Hausa da danginta a 1996 ya kuma ci gaba da sabunta shi, bayan wanda Sergio Baldi ya yi a 1977. Haka jerin Études Nigériennes da mujallar Mu Ƙara Sani na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni: a cikinsu ne ilimin ƙasar nan yake kwance, ciki har da aikin Jibo Hamani kan tarihin Adar na 1975, amma ma'aunin da ake yanke mana hukunci da shi bai san da zamansu ba.

Akwai kuma tambayar da jadawali ba ya yi, wato wane ne marubuci. Tarihin Kurfai da muke karantawa a littattafan Faransanci, har da labarin Mayaƙi Gado Namalaya da yadda ya yi hulɗa da Turawa a farkon ƙarni na 20, daga bakin wa aka ɗauko shi? Daga bakin tsofaffi da maroƙa da suka haddace shi, suka tsara shi, suka zaɓi abin da za su faɗa da abin da za su bari. Wannan aikin marubuci ne ko da babu alƙalami. Amma a bangon littafi sunan mai rikoda ne yake fitowa, mai labari kuwa in ya yi sa'a ya samu layi ɗaya a ƙasan shafi. Idan mai awo ya zo, mutum ɗaya zai ƙirga, ya rubuta a jadawalinsa cewa aikin na marubuci guda ne, babu haɗin gwiwa. Haɗin gwiwar ƙarya ya shiga lissafi, na gaskiya an bar shi a waje.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce mai awon mujalla bai taɓa da'awar yana auna duk rubutun duniya ba, mujalla ɗaya ya ɗauka, kuma ya faɗa. Za a ce awon yana da amfani: shi ke nuna mata sun yi ƙaranci a wani fanni, shi ke tona cewa an yi watsi da wani batu, shi ke taimaka wa ɗakin karatu mai ƙaramin kasafi ya san wace mujalla zai saya, wanda dama irin wannan matsala ce Bradford ya so warwarewa. Na yarda da duk wannan. Amma a duba taken maƙalolin da kammalawarsu. A shafin farko mujalla ɗaya ce, a shafin ƙarshe ta zama yanayin bincike a Afirka. Wannan tsalle daga rijiya zuwa kogi shi ne laifin, kuma editocin da ke barin sa ya wuce suna da kaso a ciki. Bugu da ƙari, lokaci da basirar ma'aikacin ɗakin karatu ba su da yawa. Duk makon da ya ɓatar yana ƙirga shafukan abokan aikinsa, mako ne da bai yi aikin da babu mai iya yi sai shi ba, wato nemo abin da aka rubuta, a ba shi suna, a faɗi inda yake.

An taɓa yin irin wannan aiki, an kuma ga amfaninsa. Lokacin da ake ta cacar baki a jaridun Kaduna da Kano kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, shi yana suka, su Abdalla Uba Adamu suna karewa, yawancin littattafan ba su da lambar ISBN, ba a kai kwafinsu ɗakin karatu na ƙasa ba, a idon hukuma babu su. Sai Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka fitar da kundin sunayensu na shekarun 1987 zuwa 2002, aka buga a Jamus a 2004. Daga nan ne mai son ƙirga ya samu abin ƙirgawa, ya kuma iya nuna da hujja irin rawar da mata suka taka a wannan adabi. John Hunwick ya yi makamancin haka ga rubutun Larabci na wannan yanki a mujalladi na biyu na Arabic Literature of Africa a 1995. A Yamai, Bubu Hama ya tattaro rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda suka zama tushen dubban da ke ajiye a IRSH. Kuma kada wani ya ce al'adar Turawa ce. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta kundin tarihin malamai tun ƙarshen ƙarni na 16, Muhammadu Bello ya jero malaman ƙasashen nan da ayyukansu a Infaƙul Maisuri a 1812. Kakanninmu sun san cewa ilimin da ba a rubuta sunan mai shi ba maraya ne.

Abu biyu ne suka sa maganar ta zama ta gaggawa. Na farko, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ko mutum yana murna da wannan ko yana da ja, tambaya za ta zo daga masu adawa da masu goyon baya baki ɗaya: me aka rubuta da wannan harshe a ƙasar nan, wa ya rubuta, ina yake? Za mu ambaci ƙamus ɗin Abdu Mijingini na 1987, mu ambaci littattafan da kamfanonin Albasa da Gashingo suka buga, daga nan sai murya ta fara rawa, alhali rubutun yana nan, lissafinsa ne babu. Malamin Hausa da ke son ya ba ɗalibansa abin karantawa da karin harshen garinsu, dole ya koma ga littattafan Zariya da Kano, yara kuma su tashi da zaton Kurfayanci magana ce kawai ta kasuwa da bakin rijiya. Na biyu, rashin tsaro a jihar Tilaberi ya rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun nan, ya tashi ƙauyuka a wajen Abala da Banibangu. Wanda ya gudu da dare buhun hatsi da ƴaƴansa zai ɗauka, gafakar kakansa sai in Allah ya sa an tuna. Abin da gara da ruwan sama suka yi shekara ɗari ba su gama ci ba, gudun hijira na dare ɗaya yana iya gamawa da shi.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba ya bukatar tallafin kowace ƙungiyar waje. Malaman Hausa da na Faransanci da na Larabci a makarantun sakandare na gundumar Filinge su buɗe rajista, ko da littafin rubutu ne mai shafi 200 na ƴan ɗaruruwan sefa. Kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya dawo da bayanin rubutu ɗaya daga gidansu ko unguwarsu: sunan aikin ko farkon kalmominsa, wanda ya tsara shi, wanda ya kwafe shi in daban ne, da ajami ne ko boko ko Larabci, warƙa nawa, wace shekara in an sani, a hannun wa yake. Kada a karɓe wa kowa takardarsa, domin tsoron haka ne ke sa mutane ɓoyewa, hoto da wayar hannu ya wadatar in mai ita ya yarda. A sa har da labaran da ƴan matanmu ke rubutawa a waya suna tura wa juna ta WhatsApp, domin su ma rubutu ne, kuma sun fi takarda saurin ɓacewa. A ƙarshen shekara a haɗa, a aika kwafi ɗaya IRSH, ɗaya CELHTO, ɗaya ya zauna a Filinge.

Ɗaliban ilimin ɗakunan karatu na Yamai da Zariya da Kano da ke neman batun kundin digiri, ga batu nan. Masu kula da su kuma su amince cewa kundin sunaye da aka yi da ƙafa da gumi ya cancanci maki, ya kuma cancanci a lissafa shi wajen ƙarin girma daidai da maƙala. Editocin wannan mujalla su ma ina roƙonsu shafi biyu a kowace fitowa, a sashen Hausa, domin a riƙa buga abin da rajistar ta tattaro, gari bayan gari, a fara da Shikal.